Tsohon Daji Ba Ya Dawowa Da Dashen Yini Guda

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya tsirar da itatuwa tun kafin a sami hannun da zai dasa su. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Jos ta Tudun Wada da Doguwa ya san inda gonaki suke ƙarewa, itatuwa su rufe titi dama da hagu, iska ta sauya. Nan ne Dajin Falgore. Direba kan ƙara wuta a wurin, fasinjoji su yi tsit, kowa yana karanta abin da ya sawwaƙa a zuciyarsa, domin sunan dajin ya daɗe da haɗuwa da labarin 'yan fashi da ɓarayin shanu. Shi ya sa mafi yawanmu mun ratsa shi ba adadi, amma ba mu taɓa kallonsa ba. Abin da muke kallo shi ne buhunan gawayin da ake jerawa a bakin hanya. Mu kanmu mun sha tsayar da mota mu yi ciniki, mu ɗaga buhu mu ji nauyinsa, mu tambayi mai sayarwa ko na kirya ne, saboda kowace uwargida ta san gawayin kirya ya fi daɗewa a kurfoti. Ba mu taɓa tambayarsa shekarun kiryar da aka ƙona ba.

A kan wannan tambayar muke so mu tsaya a wannan makon, domin akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin jami'ai da 'yan kasuwa, har da mu masu hawa mumbari: in an sare, ai sai a sake dasawa. Maganar tana da daɗin ji, kuma a ƙarƙashinta ake cinye abin da ba mu da ikon mayarwa.

Tarin itatuwa daban, daji daban. Wanda ya shiga tsohon daji irin na Falgore ko Kamuku da ke ƙasar Birnin Gwari zai tarar da doka ta mamaye tudu, maje da kawo da madobiya sun yi mata rumfa, marke da kirya da taura suna tsakani. In ya gangara bakin rafi sai ya faɗa kurmi, inda maɗaci da kanya da ɗinya suke haɗa kai har rana ta kasa taɓa ƙasa. A nan akwai itacen da yake tsiro, akwai wanda ya manyanta, akwai wanda ya mutu a tsaye, ƙudan zuma ya tare a kogonsa, akwai wanda ya faɗi gara tana mayar da shi ƙasa. Ganyen da ya zuba shekara da shekaru ya zama baƙar ƙasa mai laushi wadda take shan ruwan sama kamar soso. Tsuntsun da yake cin 'ya'yan wannan itace shi ne yake kai irinsa can gaba ya shuka. Mai maganin gargajiya ya san wane sassaƙe yake wane lungu, Bafulatani ya san wane ganye yake riƙe saniya a tsakiyar bazara. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake kawowa a leda daga gidan renon itatuwa.

Sai kuma batun lokaci. Kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, ba ta kuma kai ƙarfinta sai ta ninka haka. Matar da take tsintar ƙwara yau don ta yi man kaɗe, daga itaciyar da ta girmi mahaifiyarta take tsinta. Kuka kuwa, masu bincike sun auna wasu a kudancin Afirka sun tarar sun haura shekara 1,000. Ke nan ba abin mamaki ba ne a ce wata kukar da ake zama a gindinta a ƙauyukanmu ta riga jihadin Shehu Usmanu na 1804 zuwa duniya. Injin yanka yana kayar da irin wannan kafin a idar da sallar la'asar.

Ba muna raina dashe ba ne. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, baƙuwa ce daga ƙasar Indiya, an fara dasa ta a lardin Borno a 1928, ga shi yau ita ce inuwar Maiduguri da Sakkwato da Katsina. Allah Ya saka wa waɗanda suka dasa ta. Haka shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda ya shafi jihohi 11 na arewacin Nijeriya, abin a yaba ne in an yi shi da gaskiya. To amma layin darbejiya ko na turare, ko ya kai tsawon tafiyar yini, ba ya ba da kalwar daddawa, ba ya ba da kuka ta miya, ba ya ba da aduwar da ake sassaƙa allo da ita. Almajirin da yake riƙe da allo yana wanke shi yana sake rubutu da tawadar da aka haɗa da ƙaro, ya sani cewa daji ne ya ba shi kayan karatunsa.

Akwai kuma amfanin da mutumin birni yake ci kullum bai san daga ina yake ba. An keɓe Falgore tun zamanin Turawa da sunan gandun dajin Kogin Kano, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, kuma kogin yana ratsa shi kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974. Daga Tiga ake shayar da shinkafar Kura da tumatirin Kadawa, daga kogin ake ɗiban ruwan da ake tacewa a Tamburawa a turo cikin birni, ragowar kuma ta wuce har fadamun Haɗejiya. Yadda abin yake aiki ba boyayye ba ne. Inda akwai itatuwa, ganye yana karya ƙarfin ruwan sama, saiwa tana riƙe ƙasa, ruwa ya nutse a hankali ya riƙa tsattsafowa cikin rafuka har rani. Inda aka share, ruwa yakan taho gaba ɗaya a guje, ya kwashi ƙasa ya kai ta cikin madatsa. Kowace damina laka tana ƙaruwa a gindi, wurin ajiyar ruwa yana raguwa. Ambaliya a watan Agusta, ƙishirwa a watan Afrilu, duk daga tushe guda. Mai karatun Suratu Saba'i ya san labarin mutanen da suke da gonaki biyu dama da hagu, suka butulce, madatsarsu ta ɓalle, aka musanya musu lambunansu da itatuwa masu ɗacin 'ya'ya. Ba muna cewa ayar a kan Tiga ta sauka ba. Muna cewa duk al'ummar da abincinta ya rataya a kan madatsa, ya kamata gabanta ya faɗi in ta karanta wannan sura.

A nan ne ya kamata mu masu wa'azi mu faɗi gaskiya a kan kanmu. Duk ranar da aka gayyace mu bikin dashen itatuwa, hadisai biyu muke ɗauka: na Anas da Bukhari da Muslim suka ruwaito, mai nuna cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi sadaka ne gare shi, da kuma wanda Imamu Ahmad ya ruwaito, mai umarni da a dasa ɗan dabinon da yake hannu ko da Alƙiyama tana shirin tsayawa. Duka biyun gaskiya ne. Amma babin sara ya fi babin dashe tsanani, kuma shi ne ba mu cika buɗewa ba.

Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi bin Hubshi narkon wuta a kan wanda ya sare magarya. Da aka tambayi Abu Dawuda ma'anarsa, sai ya bayyana cewa hadisin taƙaitacce ne, ana nufin wanda ya sare magaryar da take cikin jeji, matafiya da dabbobi suna shan inuwarta, ya sare ta don wasa da zalunci ba da wani haƙƙi ba. (Malamanmu sun saba fassara sidir da magarya, ko da yake masana tsirrai suna ganin kurna ce ta fi dacewa da itaciyar Hijaz. 'Yan gida ɗaya ne, hukuncin bai sauya ba.) A lura, itaciyar da ake magana a kanta ba ta kowa ba ce, ba wanda ya dasa ta. Rashin mai ita bai sa ta zama banza ba.

Manzon Allah (SAW) ya haramta sare itatuwan Makka, ya kuma sanya wa Madina hurumi tsakanin duwatsun Airu da Sauru. Muslim ya ruwaito cewa Sa'adu bin Abi Waƙƙas (RA) ya tarar da wani bawa yana sarar itace a Aƙiƙ, ya ƙwace kayansa, da iyayen gidansa suka zo biko ya ƙi mayarwa. Malikiyya ba su ɗauki ƙwacen a matsayin hukuncin da ake zartarwa ba, amma sun tabbatar da haramcin. Tare da haka, a ranar da aka shelanta alfarmar Makka, Abbas (RA) ya roƙi a togace ciyawar izkir saboda mutane suna bukatarta a gidajensu da maƙerunsu da kaburburansu, aka kuma togace ta. Shari'ar da ta kare daji ba ta manta da murhun talaka ba. Hasali ma Bukhari ya ruwaito cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri a kan roƙo.

To ta yaya ake haɗa biyun? Amsar tana cikin wani babi na fiƙihu da ɗalibanmu suke wucewa da sauri, wato babin hima. Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar (RA) ya keɓe Sharaf da Rabaza. A cikin Muwaɗɗa da Bukhari akwai wasiyyar da Umar ya yi wa baransa Hunayyu lokacin da ya ɗora shi a kan hima. Ya umarce shi ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya tsare garken Ibn Aufi da na Ibn Affan. Dalilinsa shi ne, waɗannan biyun in dabbobinsu sun halaka suna da dabino da gonaki da za su koma wa, shi kuwa talaka in nasa sun halaka, 'ya'yansa zai kwaso ya zo ƙofar Sarkin Musulmi yana kuka. A duba sunayen da ya ambata: biyu daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Darajarsu ba ta buɗe musu ƙofar hima ba.

Mukhtasar na Halilu ya kawo sharuɗɗan hima: shugaba ne yake keɓewa, don bukatar jama'a, a ƙasar da ba mallakar wani ba, gwargwadon da ba zai ƙuntata wa mutane ba. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi littafi sukutum a kan hukuncin filaye, wato Ta'alimur Radi. Gaskiya ne asalin hima makiyaya ce, ba gandun itatuwa ba, amma illar guda ce, wato tsare amfanin kowa daga hannun mai ƙarfi. Kakanninmu ma sun san abin da sunansa na Hausa, hurumi, tare da burtali da mashaya, kuma dagaci da sarkin daji sun san iyakarsu.

Yanzu a auna wasiyyar Umar da abin da muke gani. Matar da ta shiga gandun daji ta tsinto ƙirare, ita malamin daji yake kamawa ya karɓe gatarinta. Tirelar da ta ɗauko gumagumai kuwa, da takarda take wucewa. Labarin madobiya ya isa misali. Itaciya ce da makiyaya suke sassabe ganyenta su ba shanu idan ciyawa ta ƙare. Da kasuwar kujeru da gadajen alfarma ta ƙasar Sin ta gano jan katakonta, sai aka afka mata a Taraba da Adamawa da Kogi, inda 'yan katako suke kiranta madrid. Cikin 'yan shekaru Nijeriya ta shiga sahun gaba a masu fitar da ita. A 2016 aka sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES take sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. Kafin a kai ga haka an riga an kwashe manyan, har masu sara suna leƙa iyakar Gashaka-Gumti, gandun daji mafi girma a ƙasar nan. Ɗan ƙauyen da ya nuna itaciyar kuɗin cefane ya samu. Ga kuma gandayen dajin da ake yankawa a raba wa masu hannu da shuni da sunan noman zamani, ga gidajen burodin da suke cinye itace mota-mota. Mun juya wasiyyar Umar, kanta a ƙasa.

Akwai hujjoji biyu da ake kawo mana, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji su ba.

Ta farko daga cikin gida take. Wasu matasa masu kishin tauhidi suna ganin tsohuwar tsamiya ko kuka matattarar iskoki ce, gara a kawar da ita. Suna kafa hujja da Uzza da Khalid bin Walid (RA) ya sare a Nakhla, da abin da tarihin Kano ya ambata na sare itaciyar tsafi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Muna cewa: itaciyar da ake yi wa yanka ana roƙonta, hukuncinta yana hannun shugaba da malamai, ba hannun kowane mai gatari ba. Amma tsamiyar da laifinta kawai shi ne tsufa da duhun inuwa, wanda ya sare ta don tsoron aljani ya tabbatar da camfin ne, bai rushe shi ba. A hadisin Zatu Anwaɗ da Tirmizi ya ruwaito, abin da Annabi (SAW) ya gyara shi ne zukatan masu roƙon. Mu ma muna da namu tabon. Shekarun baya, da za a faɗaɗa harabar masallacinmu, aka ce wata tsamiya ta tsaya a hanya, wani ya ƙara da cewa dama ana jin motsi a cikinta da dare. Muna zaune a taron, ba mu ce uffan ba. Yau a wurin akwai siminti da rumfar kwano, tsofaffin da suke jiran la'asar a gindinta sun koma zauren wani maƙwabci, kwamitin masallaci kuma yana neman kuɗin fanka.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, domin da jini a cikinta. Rugu da Kamuku da Kuyambana da Sambisa sun zama sunayen da uwa take ji gabanta ya faɗi. Wanda aka sace masa ɗa aka kai shi daji, in ya ce a ƙone dajin kowa ya huta, ba za mu ga baƙinsa ba. Har daga bakin masu mulki an ji cewa a yi wa dazuzzukan ruwan bama-bamai, daga baya a sake dasa itatuwa. Fiƙihu bai rufe wannan ƙofa gaba ɗaya ba: Suratul Hashri ta ambaci sare dabinon Banu Nadir da izinin Allah, malamai kuma sun halatta sare abin da maƙiyi yake fakewa da shi in yaƙi ya tilasta. Sai dai lalura da gwargwadonta ake auna ta. Wasiyyar Sayyidina Abubakar (RA) ga Yazidu bin Abi Sufyan, lokacin da ya tura shi Sham, ta hana sare itace mai 'ya'ya, alhali yaƙi za a tafi. Sannan a tambaya, wa ya fara barin dajin? Sambisa gandun namun daji ne mai ma'aikata kafin ya zama abin da ya zama. Ɓarawo bai shiga ba sai da hukuma ta fita, aka bar malaman daji ba abin hawa, ba kayan aiki, ba sababbin ɗauka. Ɗan bindiga yana da babur, in an ƙone nan gobe yana can. Kogi da ƙasa da mutanen gefen daji su ne ba su da inda za su.

Wanda yake son ganin abin da tsohuwar saiwa take iya yi, ya tsallaka Maraɗi. Bayan farin shekarun 1970, an kashe kuɗi mai yawa a kan dashe a Nijar, mafi yawan 'ya'yan itatuwan suka mutu. Sai wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma suke sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare tuntuni, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara barin toho biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, su datse sauran. Suka sa wa abin suna sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram, ciki har da gawo, mai zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana. Waɗannan itatuwan gona ne, ba kurmi ba, amma a lura da abin da ya tashe su: jarin da magabata suka bari a cikin ƙasa. Inda aka sa katafila ta tumɓuke kututture, ko aka tone shi aka yi gawayi da shi, wannan ƙofar ma ta rufe.

Saura tambayar da magidanta suke yawan yi mana bayan sallah, musamman da kalanzir da iskar gas suka fi ƙarfin aljihu: Malam, shin sayen gawayi halal ne? Asalinsa halal ne, kuma ba a ɗora wa mai saye binciken kowane buhu ba. Iyalin da ba su da wata hanyar dafa abinci babu laifi a kansu. Amma wanda ya sani tabbas cewa kayan daga gandun da hukuma ta haramta aka sato su, ko shi ne yake ba masu sara jari da inji, ko yake sa hannu a takardar da ya san ƙarya ce, wannan ya shiga taimakekeniya a kan zunubi, kuma kuɗin da ya karɓa a shingen hanya rashawa ce ko da an kira ta na goro. Mai gona yana da ikon itacen gonarsa, sai dai muna ba shi shawara ya sassabe reshe ya bar uwa, in kuma dole ta faɗi, ya bar kututturen. Mawadacin da yake neman sadaka mai gudana, ya halatta ya sayi fili mai tsofaffin ɗorawa da kaɗanya ya yi waƙafinsa, a rubuta cewa 'ya'yan na matan gari ne, busasshen reshe na mai bukata ne da itacen rufe kabari, uwar itace kuwa ba mai taɓa ta. A sa dagaci da limami su shaida, a kai takardar ƙaramar hukuma.

Allah ne mafi sani.